Gwiwar Baba Mode

Sakkwato, watan Shawwal, 1351

Daga Zulaihatu zuwa ga yayana Aƙilu, a Kano.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kun yi salla lafiya, kai da matarka Dije da yara. Mu nan mun sha ruwa lafiya, zafi kuwa ya fara leƙowa. Jar akuyar nan ta haifi biyu. Da hannuna na rubuta wannan, ban kai wa kowa ya rubuta mini ba, don ba na son maganar ta zaga kasuwa kafin ta iso gare ka.

Yaya, maganar Baba ce. Gwiwarsa ta dama, wadda bajimin nan ya shura a mayanka tun Inna tana da rai, ita ce ta tayar mana. Ta kumbura har wando ba ya wucewa sai na farke shi. Tun da na gama takaba na dawo gidan nan ban ga ranar da ya taka ta bai cije leɓe ba. Wanzami ya yi ƙaho ya gaji. An yi sakiya, ruwa ya fita, ya sake taruwa. An ɗauko maɗori daga Dundaye, ya tattaɓa ya ce shi karaya ya sani, wannan ba aikinsa ba ne, Allah ya saka masa da faɗin gaskiya.

Malam Ashafa, malamin da Baba yake ɗaukar karatu a zaurensa tun yana saurayi, shi ya ce a kai shi asibiti. Ka san Baba ba ya musu da Malam. Muka ɗora shi a jaki, na lulluɓa na bi su. Baturen likita ya daɗe yana duba gwiwar, sannan ya yi mana bayani ta bakin tafintansa, wani Muntari. Ya ce gaɓar ta cinye. Santsin da ke tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri ya ƙare, ƙashi ke gugar ƙashi, ga mugunya a ciki. A ranar ya tsaga ya wanke, ya ce a hutar da ƙafar a gani. In hakan bai yi ba, hanya biyu ta rage. Ta farko, a shaƙa masa maganin barci, a buɗe gwiwar, a sare kan ƙasusuwan biyu inda suka ruɓe, a haɗa su a ɗaure har su kama juna su zama ƙashi guda. Ciwo zai tafi, zai yi tafiya da ƙafarsa, amma gwiwar ba za ta ƙara lanƙwasuwa ba har abada. Ta biyu ita ce wadda za a yi in an yi jinkiri ruɓar ta hau sama, wato a cire ƙafar daga cinya.

Baba ya saurara tsaf, sai ya ce, "To in an yi, ƙaƙa za ni zamna?" Muntari ya ce a miƙe. Ya ce, "Gaban kowa?" Aka ce gaban kowa. Muka dawo gida. Ina sauke shi ya ce, "Ba ni miƙa ma Malam ƙahwa. Ba ni miƙa ma Sarkin Fawa. Ni ba dabba ba ne."

Na yi magiya har na gaji. Ƙarshe ya ce sai abin da mutumen Kano ya ce. Kai ke nan, tun da kai ne ɗan fari ba ya kama sunanka. Na san dabara ce, ya san kana nesa. To don Allah ka rufe masa wannan ƙofa. Ka rubuto ka ce a yi, da kalmomin da ba za su juyu ba. Zan ba Gambo mai kora maka shanu wannan takarda, gobe suke tashi da shanunka.

Ƙanwarka,
Zulai

Kano, watan Zulƙida

Daga Aƙilu zuwa ga ƙanwata Zulaihatu.

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso tare da shanu, sun rame a hanya amma babu wadda ta faɗi. Muna lafiya, Dije tana gaishe ki. Ki durƙusa ki gaishe mini da Baba, ki ce ina neman albarka.

Zulai, na karanta takardarki na kasa cin abinci. Ki dubi abin da kika rubuta da hannunki, a sare ƙashin Baba. Mu mahauta ne, mun san abin da ake nufi da saran ƙashi, ba a yi wa mai rai. Akwai wani ɗan dako a nan bakin tashar jirgi da ya shiga asibiti da ƙafa biyu ya fito da ɗaya, kullum sai na wuce shi zaune. Shi ma na tabbata da daɗin baki aka fara masa.

Da hankalina ya tashi sai na kira Gambo na tambaye shi. Ya ce kafin su taso ya je sallama, ya tarar da Baba a zaure ya tanƙwashe ƙafa yana raha da mutane. Ya tambaye shi jiki, Baba ya ce da sauƙi, alhamdu lillahi, har ya ce a gaya mini kada in ta da hankalina, mata ne da kururuwa. Gambo ba yaro ba ne, kuma ba ya yi mini ƙarya. To wa zan gaskata, mai ciwon ko mai jinya? Ban ce kin ƙara gishiri ba. Amma na san ki tun kina ƙarama, ko ƙaya ce ta soki mutum sai kin tara unguwa.

Ga tambaya, ki kai wa likitan naku. Mutanen da suka ƙera jirgin da nake loda shanu zuwa Ikko, su ne za su kasa ƙera gwiwa? In gaɓar ce ta lalace, su cire su sa masa ta ƙarfe mai lanƙwasuwa. Ko mene ne za su nema, ni zan tsaya.

In ba haka ba, maganata ita ce a dakata. Layya ta gabato, ba ni da halin motsawa daga kasuwar raguna, kuma kin san gidaje nawa ke jiran wuƙar Baba ranar salla. A bari a wuce wannan, in zo in gani da idona. Kada a sa masa wuƙa ba na nan.

Yayanki,
Aƙilu

Sakkwato, ƙarshen Zulƙida

Zuwa ga Yaya Aƙilu.

Ina gaisuwa. Muna nan da rai. Ta gidan waya na aiko wannan, motar Gusau za ta kai ta jirgi, don ba ni da lokacin jiran tafiyar shanu.

Kano ta ba ka wayo, Yaya, amma ta mantar da kai ubanka. Yaushe ka taɓa jin Baba ya ce babu sauƙi? Ranar da bajimin ya shure shi, ana ɗauke da shi a kan ƙyaure, duk wanda ya ce sannu sai ya ce da sauƙi. Inna ma da sauƙi ta ce mana da safe, da la'asar muka yi mata wanka. Gambo ya gan shi a zaure yana raha, gaskiya ne. Ni ce na kai shi zauren a kafaɗata, ni ce na tanƙwashe masa ƙafar da hannuna yana zufa, ya ce in rufa masa riga a kai. Da Gambo ya fita sai da na kira maƙwabta maza biyu suka ɗaga shi.

Na karanta masa takardarka, don ba zan ɓoye ba. Wallahi sai da ya yi murmushi. Ya ce, "Kin ji mai hankali." Ka ba shi abin da yake nema.

Tambayarka kuwa na kai. Likita bai yi dariya ba. Ya ce babu gwiwar ƙarfe, ko a ƙasarsu. An taɓa gwada ta hauren giwa a can, jiki ya ƙi karɓa, ta ruɓe a cikin mutane aka ciro. Ya ce balle gaɓa mai mugunya, duk abin da aka sa a ciki ƙara ta'azzara ta zai yi. Kuma ba cire ƙafa na ce maka za a yi ba. Kan ƙashin kawai za a sare, don a tsira da ƙafar. Ɗan dakon da kake wucewa, ka tsaya wata rana ka tambaye shi ko shi ma jira ya yi.

Yanzu ga abin da ya fi ƙona mini rai. Duk ranar komawa asibiti, Baba sai ya sauka daga jaki a bakin ƙofa, ya miƙo mini sanda, ya shiga da ƙafarsa. Mutane cike da rumfa, likita na bin su ɗaya bayan ɗaya. Ya zo kan Baba ya ga dattijo a tsaye da wankakkiyar riga, ya tambayi ƙafa, Baba ya ce da sauƙi. Muntari ya juya masa haka da Turanci. Likita ya ji daɗi, ya ce ashe hutun yana aiki, ya ba da magani ya wuce. Na tare Muntari a waje na ce kai ɗan gari ne, ka san abin da dattijo ke nufi in ya ce da sauƙi. Ya ce, "Na sani. Amma sa'an ubana ne, ba ni ƙaryata shi gaban Bature."

Malam Ashafa da kansa ya sa aka jawo shi har gida, ka san idonsa ya tafi. Ya ce wa Baba salla a zaune halal ce ga mai lalura, kuma ya miƙe ƙafarsa a zaure yadda ya so, shi ko gani ba ya yi. Baba ya ce, "Allah ya gafarta Malam, in kai ba ka gani, ni ina gani."

Likita zai tafi hutu ƙasarsu da faɗuwar ruwan farko, kuma ba a san wanda zai zo a madadinsa ba, ko ya iya wannan aiki ko bai iya ba. Gwiwar ta fara wari. Ka rubuto ka janye maganarka.

Zulai

Sakkwato, bayan Layya

Yaya,

Ina gaisuwa, barka da salla. Shiru har yau, ko takardata ba ta iso ba ne?

Ranar salla na ɓoye wuƙaƙensa cikin rumbu. Ya ce in fito da su ko ya rarrafa ya ɗauko da kansa, maƙwabta na jiransa da ragunansu a ƙofar gida. Na fito da su. Aka kayar da ragon farko, Baba ya durƙusa ya danne shi da wannan gwiwa, don da ita ya saba dannewa tun kafin a haife mu. Ya yi bisimilla ya yanka, hannunsa ko rawa bai yi ba. Aka janye ragon, aka kawo na biyu, sai aka ga bai tashi ba. Yana nan durƙushe a cikin jini, wuƙa a hannu, idonsa a buɗe, ana yi masa magana ba ya ji. Gwiwar ta fashe ta inda aka yi sakiya, abin da ya fito ba zan rubuta maka ba.

Aka shigo da shi. Da ya farfaɗo maƙwabta suka taru a kansa suna sannu. Ka san abin da ya ce musu.

Tun ranar zazzaɓi ke zuwa masa yana tafiya. Cinyar ta fara zafi sama da gwiwa, ina aunawa da tafin hannuna, kullum wurin zafin ƙara hawa yake. Na ce mu je asibiti yau, ya ce ba ranar komawa ba ce, kuma mutumen Kano ya ce a jira shi. Da sunanka yake kashe kansa, Yaya, kai kana can kana cinikin raguna.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma, bai zubo ba tukuna. Ban taɓa roƙon Allah ya jinkirta ruwa ba sai bana. In ba za ka zo ba, ka buga waya, kalma ɗaya ta isa.

Zulai

Kano, kwanakin Layya

Zuwa ga Zulaihatu.

Gaisuwa da barka da salla. Mun yi salla lafiya, kasuwa ta yi kyau. Takardarki ta ƙarshen Zulƙida ta same ni ana tsakiyar hada-hada, sai yau na zauna.

Zulai, ki riƙa tauna magana. Ni ne Kano ta mantar da ubana? Ni da ba na kwana ban yi masa addu'a ba? Ke da bakinki kin ce mutumin nan yana sauka daga jaki ya shiga asibiti da ƙafarsa. Kin ce likita ya ce hutu yana aiki. Mai ciwo ya ce da sauƙi, likita ya ce da sauƙi, Gambo ya ce da sauƙi, ke kaɗai ce kike jin wari.

Kuma ki tsaya ki yi tunanin abin da kike nema masa. Mutumin da duk Sakkwato ta san shi da ladabi, ki mai da shi wanda zai shiga majalisa ya tokare manya da tafin ƙafa. Ba zai durƙusa ya gai da kowa ba, ba zai danne dabba ba, ba zai kai goshi ƙasa yadda ya saba ba. Me ya rage masa? In shi ya ce ya fi son ciwonsa, ciwonsa ne.

Na sami labarin wani mai magani a nan da ya warkar da irin wannan da ganye, ba tare da wuƙa ba. In an sami sararin hanya zan taho da shi. Kafin nan maganata tana nan yadda take. Ke mace ce, kuma ƙarama, ki yi jinya ki bar shawara ga masu ita.

Aƙilu

Sakkwato, watan Muharram, 1352

Zuwa ga Yaya Aƙilu.

Ina gaisuwa. Baba yana da rai, ƙafarsa tana jikinsa. Na fara da wannan don ka iya karanta sauran.

Takardarka ta kwanakin Layya ta iso, na ga ba ka sami tawa ta bayan salla ba lokacin da ka rubuta. Ban karanta masa ba. Na sa ta ƙarƙashin tabarma, tana nan in ka zo ka ɗauki abarka.

Ranar komawa asibiti ta zo, an yi yayyafi da safe. Da muka isa na ga akwatunan likita an ɗaɗɗaure a baranda. Baba ya ce a sauke shi a bakin ƙofa yadda aka saba. Yaya, da zazzaɓi a jikinsa ya taka har rumfa, ina bayansa ina jin numfashinsa. Ya tsaya ya jingina da ginshiƙi kamar mai jiran aboki. Likita ya iso kansa, ya tambayi ƙafa. Baba ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Muntari ya buɗe baki zai juya.

Sai na ji muryata ta ce, "Ƙarya ne."

Rumfar nan cike take da maza, har da mahauta biyu da suka san mu. Kowa ya juyo. Na ce wa Muntari ka gaya masa ƙarya ne, ko in gaya masa da hannu. Ban jira ba, na durƙusa na yaye rigar Baba, na kwance tsumman da na ɗaura da safe. Waɗanda ke kusa suka ja da baya suna toshe hanci. Likita ya tsuguna ya danna cinyar, fuskarsa ta canza. Ya yi wa Muntari faɗa da Turanci, sannan ya ce yau har yanzu ana iya haɗa ƙashin, amma bai yi alkawarin mako mai zuwa ba, kuma shi jibi zai tashi. Ya ce ba zai taɓa dattijo ba sai dattijo ya yarda da bakinsa.

Baba bai dubi likita ba, ni ya duba. Ban taɓa ganin wannan kallo a idonsa ba, kuma ba na fatan in sake gani. Ya ce, "Tun da ɗiyata ta ƙaryata ni gaban baƙo, ta tone ni gaban jama'a, wace kunya ta rage da za ni ji? Ku yi abin da za ku yi."

A ranar aka yi. Na zauna a gindin bishiyar bedi har la'asar. Muntari ya fito ya ce an sare inda ya ruɓe, an haɗa, an naɗe ƙafar tun daga cinya har idon sawu da wani farin abu mai sandarewa, an bar 'yar taga don wanke ciwon. Likita ya ɗage tafiyarsa har zazzaɓin ya sauka, sannan ya bar shi a hannun malaman asibiti. Zai daɗe a kwance kafin ƙashin ya kama.

Tun ranar Baba bai yi mini magana ba. In na kai fura, sai ya juya fuska bango har in ajiye in fita, sannan ya sha. In yana son wani abu, maƙwabcin gadonsa yake gaya wa, shi ya gaya mini, ina tsaye a wurin. Matan unguwa sun daina aiko mini da gaisuwa. An ce a mahauta ba a da wata hira sai ta 'yar Mode da ta ce wa ubanta maƙaryaci.

Ka ce in bar shawara ga masu ita. Na bari, Yaya, na daɗe ina bari, har cinyarsa ta fara ruɓa. Ka yi fushi yadda ka so, layi ne, ka bi bayan Baba. Amma in na ce maka abin bai dame ni ba na yi ƙarya. Ubana ne, kuma ni kaɗai nake da shi a garin nan.

Zulai

Kano, watan Safar

Zuwa ga ƙanwata Zulaihatu.

Gaisuwa. Takardunki biyu rana ɗaya suka iso, ta bayan Layya ta maƙale a Gusau. Na karanta su a jere, a tsaye, a bakin kara, kasuwar shanu.

Na je wurin ɗan dakon nan na tashar jirgi, na zauna kusa da shi na tambaye shi. Ya ce an ce masa ya zo da rani, shi kuma ya bari sai bayan kaka.

Takardar da ke ƙarƙashin tabarma, ki sa ta a murhu. Na so in taso, an ce ruwa ya yanke hanyar mota bayan Gusau, sai ta buɗe. Ki gaya mini gaskiyar yadda yake, daga bakinki nake so, kada ki aiko mini da Gambo. Ki gaya mini kuma ko ya yi miki magana.

Dije ta ce in gaya miki tana tare da ke. Ni ban san abin da zan ce miki ba, Zulai.

Yayanki,
Aƙilu

Sakkwato, watan Jimada Awwal

Zuwa ga Yaya Aƙilu.

Bayan gaisuwa, ina fatan kuna lafiya, kai da Dije da yara. Damina ta yi kyau, gero ya fitar da kai. Hanya ta kusa buɗewa, ka shirya.

An fasa abin da aka naɗe ƙafar da shi, ƙashi ya kama. Mun dawo gida. Ƙafar ta ɗan gajarta kuma ta rame, a miƙe take sambal, amma yana takawa da sanda har masallaci. Yana jefa ta gefe in yana tafiya, za ka ji wani iri ranar da ka fara gani, ka daure kada ka nuna. A kan kujera yake salla a ƙarshen sahu. Wuƙaƙensa ya aika wa Sarkin Fawa ya ba wanda ya ga dama, ranar bai ci abinci ba.

Ya koma karatu wurin Malam Ashafa. Ya zaɓi kusurwar zaure, ya zauna a karkace, ƙafar tana fuskantar bango, wuyansa a murɗe yana sauraro. A gida ma haka. Ko yaron maƙwabta ne ya shigo, sai ya ja jiki ya juyar da ita bango, ya rufa mata riga. Duk mai zuwa dubiya kuwa amsarsa ɗaya ce, ba sai na faɗa maka ba.

Ka tambaye ni ko ya yi mini magana. Har shekaranjiya bai yi ba. Na riga na saba, ina ajiye abinci in ce ga shi, in ba kaina amsa.

Shekaranjiya da hantsi ina tsakar gida ina tsince shinkafa a faifai, sai na ji sandarsa. Ya fito ya tsaya, ya dubi inuwar ɗakinsa inda na shimfiɗa masa buzu, ya wuce ta. Ya zo tabarmar da nake, ya dafa bango ya sauka a hankali. Na matsa don in ba shi wurin juyawa. Bai juya ba. Ya ɗaga ƙafar da hannu biyu ya miƙo ta sosai wajena, har diddigensa ya taɓa gefen zanena, ya bar ta nan.

Na rasa abin yi. Na ci gaba da tsintar shinkafa ban ga abin da nake tsincewa ba. Can dai na ce, "Baba, ya ƙafa?"

Ya dubi ƙafar. Sannan ya ce, "Tana ciwo, Zulai. In hadari ya taso tana ciwo ƙwarai. Ɗan matsa mini nan."

Na ajiye faifan na matsa masa. Kaji suka cinye rabin shinkafar, ban kore su ba.

In ka zo, ka durƙusa ka gaishe shi, zai juyar da ƙafar bango ya ce maka da sauƙi. Ka karɓa, kada ka ja. In kana son sanin yadda take, ka zo ka tambaye ni.

Ƙanwarka,
Zulaihatu